Finjalin da Fandi Ya Ɗauka

Akwai wasu 'yan'uwa biyu a ƙauyenmu da ke kudu da Karak, uwa ɗaya uba ɗaya, Nayif da Fandi. Yau ba tallan jamid, busasshen nonon nan da nake sayarwa, na zo yi muku a shafin nan ba. Mai so ya san ƙofata, ya kuma san ba na ragi. Labarin mutanen nan zan ba ku, don da idona na ga yadda ya ƙare.

Nayif shi ne babba. Tsohon soja ne, mai kaurin gashin baki da muryar da ke tada jariri daga barci. In ya yafa alkyabba ya nufi masallaci sai ka rantse shi ya gina shi. Abu Rakan ake kiransa, da sunan ɗansa na fari. Ba shi da buri a duniya kamar ranar da dattawa za su ce ya zauna a sahun gaba in an tafi sasanta mutane.

Fandi kuwa magidanci ne, da matarsa da 'ya'yansa mata biyu, furfura ma ta fara leƙo masa. Amma sunan da aka laƙa masa tun yana yaro bai sake shi ba. Fara ake ce masa, don ba ya zama wuri ɗaya.

Ka aike shi sayo gas, ya dawo rungume da ɗan akuyar da ya tsinta a hanya, tukunyar gas tana can shagon aski. Manya na magana ya katse. Ana huɗuba ƙafarsa na rawa. Ya kwance famfo zai gyara, ya ji injin maƙwabci na tari, ya tsallaka can, ruwa na malala a tsakar gidansa.

Ni kaina ya taɓa ɗaukar mini buhun jamid zai kai tasha. Mota ta tashi ta bar ni, na same shi wajen mai tantabaru, zaune a kan buhuna yana kallon yadda suke juyi a sama. Na faɗa masa duk abin da ya zo bakina. Washegari ya zo ya gyara mini injin kaɗa nono, ko shayi bai tsaya sha ba.

Ubansu da tiyon ruwa ya rene shi. Da tsohon ya rasu, Nayif ya gaji gonar zaitun, ya gaji ɗakin baƙi, ya gaji hannun dukan.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa kiran Fandi da Fara ba, matarsa Tamam. Mace ce mai ƙarancin magana, ɗinki take yi. Ita ta lallaɓa shi suka hau mota zuwa Amman, suka ga likita. Likitan ya daɗe yana yi masa tambayoyi, har na zamanin makaranta. Daga ƙarshe ya ce musu wannan ba hauka ba ne, ba aljanu ba ne, ba kuma iskanci ba ne. Lalura ce ta kasa tattara hankali wuri ɗaya, da ita ake haihuwar mutum, kuma manya da yawa na fama da ita ba su sani ba. Ya rubuta masa ƙwaya ta kowace safiya, ya kuma koya wa Tamam yadda za ta zauna da shi.

Tamam ta riƙe abin da hannu biyu. Ba ta haɗa masa aike biyu. In za ta faɗa masa abu sai ta tsaya gabansa, ido cikin ido, ta faɗa, ya maimaita. Ta kafa ƙusa a bakin ƙofa, makullai ba su da wurin kwana sai nan. Sannan ta tara ƙwallayen zaitun manya, ta huda, ta shirya masa carbi mai nauyi. Ta lura in hannunsa na da abin yi, kunnensa na zama. Da carbin nan Fandi ya fara jin huɗuba daga farko har amin.

A shekarar ya riƙe aiki a wurin matse man zaitun tun daga farkon kaka har ƙarshenta, ba a kore shi ba. Wannan bai taɓa faruwa ba. Na ga Tamam a kasuwa ta sayi yadi mai ruwan goro, na ce, "Uwar 'yan mata, yau fuska ta washe." Ta yi dariya ta rufe baki da mayafi.

Fandi ne da kansa ya ɓata lamarin, don abin da ke cikinsa ba ya kwana. Wata Juma'a ana zaune a ɗakin baƙin Nayif, maza cike, sai ya katse hirar da ake yi da murnarsa.

"Yaya, ashe abin nan nawa suna gare shi. Likita ya ce ba laifina ba ne. Har magani nake sha."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya. Wani ya ce to a ƙaro wa Fara ƙwayar ko zai dawo masa da gudumar da ya ara tun bara. Nayif bai yi dariya ba.

Ana watsewa ya shiga gidan ƙanensa ba sallama. Ya sa Tamam ta miƙo kwalin maganin, ya zazzage a ƙasa, ya murje da takalmi a gaban 'yan matan. Ya ce ba a taɓa yin namijin da ke haɗiyar maganin mahaukata a zuriyarsu ba. Ya ce wa zai nemi auren 'ya'yansa in labari ya bazu, wa zai zaunar da shi a sahun gaba in an ce jininsu da taɓuwa. Maganin Fara, in ji shi, yana nan rataye a gidan ubansu, kuma bai ruɓe ba.

Tamam ta ce, "Abu Rakan, ka ji tsoron Allah. Sai yanzu mutumin nan ya fara ɗaga kai."

"Ke aka auro ko shi? Ki sake kai shi Amman ki gani. Ranar za ki san hanyar gidan ubanki."

Maganin ba a samunsa sai da takardar likita, shi kuwa Fandi tsoron yayansa ya girme masa komai. Tamam ta yi lallashi har ta gaji, ya ƙi komawa. Abin da ya rage musu sai ƙusar bakin ƙofa da carbi.

Ana nan, Rakan ɗan Nayif ya je gidan mai. Gardama ta haɗa shi da wani saurayi, Sayil, a kan wa ya riga wa shiga layi. Rakan ya jawo ƙarfen kwance taya ya sauke masa a fuska. Sayil ya rayu, amma idonsa na hagu ya tafi. 'Yan sanda suka ɗauke Rakan.

Kun san abin da ke biyo baya. Hukuma ta yi nata, amma jini na da nasa lissafin. Dole a haɗa dattawa a je gidan Abu Sayil, mahaifin saurayin, a roƙi sulhu. In ya bayar, kowa ya zauna a gidansa. In ya hana, uban mai laifi da 'yan'uwansa su kwashe iyalansu su bar garin, gida da gona su zauna a kulle. Wato ba Nayif kaɗai ba, har Fandi da Tamam da 'yan matansu.

Shehu Mutlak, dattijon da ke jan irin wannan tafiya a yankinmu, ya yarda zai shige gaba. Ya ce Abu Sayil ya nemi ya ga fuskar uban Rakan da ta ƙanensa, kada a ɓoye kowa.

Da safiyar ranar, maza na taruwa a ƙofar gida, Tamam ta tari Nayif a soro. Ita ta ba ni wannan da bakinta. Ta roƙe shi ya zaunar da Fandi can baya kusa da ƙofa, inda in zama ya ishe shi zai sulale ba a gani ba. Ta ce zaman zai yi tsawo, jawabai za su yi yawa, ta san mijinta.

Nayif ya ce ƙanensa a gefensa zai zauna, a gaba, don mutane su ga gidansu da maza. Ya ce shi zai riƙe shi, ya san yadda ake riƙe shi.

Ana cikin haka ya ji ƙas-ƙas ɗin carbi a hannun Fandi. Ya fizge.

"Za mu gaban manya kana mana kiɗa? Hannu a kan gwiwa, baki a rufe, kamar kowane namiji."

"Abu Rakan, don girman Allah bar masa wannan," in ji Tamam. "Shi kaɗai ya rage. Ko a aljihu ya riƙe."

"Ki ɗinka masa 'yar tsana ma mana." Ya jefa carbin a aljihun alkyabbarsa, ya tura ƙanensa gaba.

Ni a lokacin ina gidan Abu Sayil. Tun jajibiri matarsa ta aiko a kai jamid mai yawa, na kai da kaina, ta nemi ragi na hana, ta ce to in tsaya in taya su dama shi tunda na fi kowa sanin kayana. Da na shiga madafa na ga raguna a rataye da manyan tukwane a kan wuta, sai na gane. Ba wanda ke dafa mansaf, shinkafa da naman rago a romon jamid, don mutanen da zai kora. Abu Sayil ya riga ya yafe a zuciyarsa. So yake a roƙe shi yadda ya kamata, a ga girmansa, sannan ya bayar. Ban faɗa wa kowa ba, don sirrin ba nawa ba ne balle in sayar.

An kafa babban tanti a filin gida. Mu mata muna bayansa, kuma kowacce ta samu 'yar ɓarakar da za ta sa ido. Tawa tana kallon sahun gaba daidai.

Baƙi suka zauna. Shehu Mutlak a tsakiya, Nayif a damansa, Fandi a gefen Nayif, ɗan ƙaramin tebur a gabansu. Mai zuba gahawa ya zo ya zuba finjali ɗaya tak, ya miƙa wa Shehu. Shehu ya karɓa ya ajiye a kan tebur bai kai baki ba. Ko yaron goye a garinmu ya san finjalin nan. Ba a taɓa shi sai mai gida ya ce a sha. In ya ce a sha, an yafe ke nan. In ya huce a wurin, a tashi.

Aka fara jawabi. Shehu ya yi nasa, ya jawo kakanni da maƙwabtaka. Wani malami ya karɓa. Wani kawun Sayil ya tashi ya zayyana yadda aka ɗauko yaron cikin jini, yadda uwarsa ta suma. Rana ta take, tanti ya ɗau zafi.

Ni idona na kan Fandi. Ya yi ƙoƙari, Allah ne shaida. Ya dafe gwiwoyinsa har jijiyoyin hannunsa suka fito. Can ƙafa ta fara rawa, Nayif ya taka ta. Ya koma jan zaren tabarma, Nayif ya mintsine shi a cinya. Na ga hannunsa ya shiga aljihu ya fito ba komai, ya sake shiga ya sake fitowa.

Sai wata zuma ta shigo tana kewaya tebur. Idon Fandi ya bi ta. Ta sauka a bakin finjali, ya kai hannu ya kore ta. Hannun bai dawo ba. Ya ɗauki finjalin yana murza shi tsakanin yatsu kamar ƙwallon carbi, idonsa na can wajen rufin tanti inda zumar ta tafi. Nayif a lokacin ya sunkuyar da kai yana nuna nadama, Shehu na kallon mai magana.

Fandi ya kai baki ya shanye. Har ya ɗan girgiza finjalin ya miƙa wa mai zubawa, alamar ya ƙoshi, kamar yadda ake yi a kowane gida.

Maganar kawun ta tsaya a tsakiya. Fandi ya dubi mutane, ya dubi hannunsa, sai na ga jinin fuskarsa ya janye.

Ni dai Abu Sayil na kalla. Tsoho ne mai farin gemu, ya san Fara kamar yadda kowa ya san shi, injin rijiyarsa ma shi ke gyara masa in ya tuna. Wallahi na ga gemun nan ya motsa. Dariya ce ke neman ƙwace masa. Ya buɗe baki zai yi magana.

Nayif ya riga shi. Ya finciko baƙar igiyar da ke ɗaure da mayafin kansa, ya ninka ta biyu, ya shiga zabga wa ƙanensa a fuska. Fandi bai tare ba. Ya dunƙule ya rufe kai da hannuwa kamar yadda yake yi tun zamanin tiyo, yana cewa, "Yaya na manta. Yaya ban sani ba."

Kafin a riƙe Nayif, igiyar ta sami ido. Jini ya sauko a farar rigar Fandi. Nayif na haki, kansa a buɗe, ya jawo ƙanen ta wuyan riga ya jefar gaban mai gida.

"Abu Sayil, ranka ya daɗe, wannan ba mutum ba ne, jaki ne Allah ya jarrabe mu da shi. Kada ka kama mu da laifinsa. In ido kake so a madadin na ɗanka, ga nasa nan, cire."

Wata mata a gefena ta toshe baki da mayafi.

Abu Sayil ya miƙe a hankali. Dariyar nan ta tafi. Ya tako da sandarsa, ya sunkuya, ya cire nasa mayafin ya danne wa Fandi ido da shi. Sannan ya ɗago.

"Tun da aka kawo mini ɗana ido ɗaya nake tambayar kaina, wane irin gida ne ke koya wa yaro ɗaga ƙarfe saboda layin mai. Yau an nuna mini, a cikin tantina, a kan tabarmata." Ya nuna Fandi. "Wannan ya sha gahawata. Ko da sani ko ba da sani ba, ta shiga cikinsa. Baƙona ne, kuma ka daki baƙona a gabana. Shi da matarsa da 'ya'yansa suna ƙarƙashin inuwata, ba mai tashinsu. Kai kuwa, Abu Rakan, ba ka sha komai ba."

Shehu Mutlak ya tashi ya kama gemun Abu Sayil, kamar yadda muke yi in roƙo ya kai maƙura, yana roƙo a zuba wani finjalin. Dattawa suka sa baki. Abu Sayil ya karɓi butar gahawa daga hannun mai zubawa, ya tuntsurar da ita a ƙasa har ɗigon ƙarshe.

Mansaf ɗin da aka dafa don sulhu, aka raba wa mabukata a ƙofar masallaci. Faranti mafi girma aka kai gidan Fandi. Tamam ta ce mini ba wanda ya iya taɓa shi. Jamid ɗina mafi kyau a shekarar, haka ya sandare a kan shinkafa.

Washegari babbar mota ta tsaya a ƙofar Nayif. Mutane na bisa rufin gidaje suna kallo, har waɗanda suka yi dariya ranar Juma'ar nan. Matarsa na kuka tana ɗaure katifu. Fandi ya zo da bandeji a rabin fuska yana taya lodi, ya ɗauki wannan ya ajiye ya ɗauki wancan. Yayan bai dube shi ko sau ɗaya ba.

Da za su tashi, Nayif ya tuna zaitun na son ruwa, kuma duk garin ba wanda zai taka gonarsa yanzu sai mutum ɗaya. Ya ciro makullai ya wurga su a ƙasa gaban Tamam.

Ta sunkuya ta ɗauka. Ta ce, "Abu Rakan, carbin fa?"

Ya ce ya jefa a shara. Mota ta tashi.

Yanzu Nayif yana Zarƙa, a hayar ɗaki biyu a saman shagon mai faci. Ba mai kiransa sulhu, ba mai tashi in ya shigo. Alkyabbar tana rataye a ƙusa.

Tamam ta mayar da mijinta wurin likita da rana tsaka, a motar ƙauye, kuma duk wanda ya tambaye ta ina zuwa ta faɗa masa dalla-dalla. Ta huda wasu ƙwallayen ta yi sabon carbi. Makullan gonar Nayif suna kwana a ƙusar bakin ƙofarta, kullum da safe ta tsaya gaban Fandi ta ce zaitun, ya ce zaitun, ya tafi. Bishiyoyin ba su taɓa yin 'ya'ya kamar bana ba. In an matse man, Fandi ke ɗora jarkokin a mota a kai wa yayansa. Ba a taɓa aiko da godiya ba.

Idon Fandi bai dawo daidai ba. Haske da duhu kawai yake rarrabewa da shi.

Masu zuwa Zarƙa sun ce har yau Nayif na gaya wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa mahaukacin ƙanensa ne ya sa aka kore shi daga garin ubansa. Wannan bai dame ni ba, bakinsa ne. Abin da ke ci mini rai shi ne Fandi ya yarda. Tamam ta faɗa masa, ni na faɗa masa, Abu Sayil da kansa ya kira shi ya faɗa masa. Sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ai da ban ɗauka ba, da Yaya na gida."

Kwanan baya ya kawo mini injina da ya gyara. Na zuba masa gahawa na miƙa. Ya mayar da hannuwansa biyu baya, ya tsaya yana kallon finjalin.

Na ce, "Sha mana, ɗana. Ni na ba ka."

Ya ce, "Ki sake faɗa, Inna. In tabbata."

Darasi: In Allah ya ba ka ɗan'uwa mai irin wannan lalura, ba kunyarka ba ce, amanarka ce. Kai shi wurin likita, bar masa maganinsa, ka koyi abin da ke zaunar da shi ko da carbi ne, kada ka ƙwace don gudun bakin mutane. Mantuwarsa mutane za su iya yafewa, muguntarka ce ba za su manta ba, kuma tabon da ka bar masa a zuciya ya fi na fuska daɗewa. Ku tura wa duk gidan da kuka san akwai wani Fandi a ciki, musamman ga babban yayan.